Lissafin Auta

Maman Auta ta buga takardar a kan teburin hedimasta har kofin birukansa ya yi tsalle. Ko sallama ba ta yi ba, ita da ke gaida kowa har da maigadi.

"Malam, wa ya rubuta wannan? Wai a mayar da 'yata aji ɗaya?"

"Haba Hajiya, ki zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Tela ce, tef ɗin awo ma na rataye a wuyanta, don daga kan keken ɗinki ta taso. Autarta kuwa shekara bakwai, tana da lalurar nan da likita ya kira otizim. Ba ta kallon mutum a ido, magana sai ta ga dama, ƙara kuwa kamar allura take shiga kunnenta. Amma lissafi? Kai, kafin uwar ta gama awo, yarinyar ta haɗa mata jimilla.

Hedimasta ya zaro takardu uku. "Jarrabawa uku, sifili uku. Mu ba mu ƙi ta ba, amma ƙwaƙwalwar irinsu..."

"Irin su wa? Ƙarasa mana, ina jin ka!"

Bai ƙarasa ba. Ta fizge takardun tana bi da yatsa. Bakwai da biyar, Auta ta sa sha uku. Tara da shida, sha shida. Takwas da uku, sha biyu. Yatsan ya tsaya cak.

"Malam, kai da ka yi boko, ba ka ga komai ba? Kowace amsa ɗaya ta ƙara. Kowace! Ni tela ce. Wanda bai iya awo ba, yau ya yi tsawo, gobe ya gaza. Wanda kullum inci ɗaya yake ƙarawa, wallahi ya san daidai, gangan yake yi. A kira min malamarta."

Malamar ta shigo, yarinya ɗanya shakaf, hannu duk alli.

"Ni fa Maman Auta, babu wadda nake ji da ita kamar 'yarki. A bita aka koya mana mu riƙa ƙarfafa musu gwiwa. Da can duk ranar da ta ci, gaban aji nake fito da ita a tafa mata. Yara arba'in, har benci suke bugawa."

"Ita kuma sai ta yi me?"

"Sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. Kunya ce."

Sai a lokacin Maman Auta ta gane. Wata biyu ke nan yarinyar na fakewa a bayan ƙofa duk safiya, ita kuma tana jan ta tana mata faɗan lalaci.

"Kunya? Ranar da na kawo ta me na ce miki? Ban ce ƙara tana mata ciwo ba? Ko blanda ba na kunnawa sai na fitar da ita tsakar gida! Kin sa yara arba'in sun yi ta dukan kunnenta don ta iya, to ga shi ta daina iyawa. Ta fi ku duka wayo!"

Malama ta sunkuyar da kai. Maman Auta ta ce a kawo yarinyar yanzu, a gwada ta a gabanta.

Aka shigo da Auta tana murza gefen rigarta. Malama ta rubuta tambayoyi goma. Auta ta daɗe tana kallon takardar, ba ta taɓa fensir ba.

"Za a tafa?" ta tambayi tebur.

"Ba wanda zai tafa, uwata," in ji uwar, tana harar su ɗaya bayan ɗaya.

Ko minti biyu ba a yi ba. Ta ci goma cif.

"Kai, madalla!" Hedimasta ya ware hannuwa, sai Malama ta yi wuf ta riƙe masa hannun riga. Ya tsaya haka baki buɗe, sannan ya sauke su a hankali.

"Tana nan a aji biyu," ya ce, cikin raɗa.

Maman Auta ba ta yi godiya ba, zuciyarta ba ta sauka ba tukuna. Ta kama jakar yarinyar za su fita. Auta kuwa ko motsi. Ta saurari ofishin, ta ji shiru, sannan ta tura wa Malama takardar da ɗan yatsa.

"A ƙaro," ta ce.