Jingar Tsamiyar Kwana

Barira ba ta taɓa zaton lissafi zai haɗa ta rigima da ƙanin mahaifiyarta ba. Aikinta a wata ƙaramar cibiyar bincike a Haɗeja shi ne rubuta manhajar da ke hasashen inda ambaliya za ta bi idan kogi ya cika. Fadamar Haɗeja ta fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, don haka aka yanka ta gida goma sha shida, kowace kwamfuta da nata yankin, suna aika wa juna saƙo: ga ruwan da ya fita daga wajena, ya shigo wajenki.

A shekarar nan motar tono ɗaya tal kwamitin ambaliya ya samu, ga ƙauyuka biyu na jiran a ɗaga musu jinga kafin ruwa ya iso. Ɗaya Tsamiyar Kwana ce ta wajen Auyo, mahaifar Barira. Ɗayan kuma Bulamari, can hanyar Guri. Duk wanda taswira ta nuna ruwa zai ci, shi za a kai wa motar.

Kawu Yunusa shi ne wakilin manoma a kwamitin, mutum ne da labari ba ya kwana a cikinsa. Ya leƙo ofis ya ga taswirar farko ta shafe Tsamiyar Kwana da shuɗi, ko zama bai yi ba ya hau babur ya kai wa garin nasu albishir: mota tasu ce, 'yarsu ce ma ta gano.

Bayan tafiyarsa Barira ta sake kunna lissafin don ta tabbatar. Ba ta taɓa komai ba, amma sai ga Bulamari a cikin ruwa, Tsamiya a bushe. Ta sake, ruwa ya koma Tsamiya. Haushi ya kama ta, don ta gane laifin a rubutunta yake.

Kwamfuta, duk da kwarjinin da ake ba ta, ba ta riƙe lamba gaba ɗayanta. Takan ajiye 'yan lambobin gaba ta yar da jelar. Idan aka zuba cokalin ruwa a randar da ta cika, ba ta ma san an zuba ba. Amma da an tara cokulan tukuna, da sun yi kofi. Su kuwa kwamfutocin nan, saƙon da ya riga isowa shi ake fara tarawa, yau na wannan ya riga, gobe na waccan. A ƙasa mai tudu wannan ba komai ba ne. A fadamar Haɗeja kuwa, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, ɗan bambancin nan ya isa ya juya kogi a mararraba.

Ta kai wa shugabanta, Dokta Munzali, maganar. Ya saurara, ya shafa gemu.

"Barira, ki tura wa kwamiti taswirar farkon mana. Duk ƙauyukan biyu na bukatar jingar nan. Kuma Tsamiya garinku ne, wa zai ga laifinki?"

"Yallaɓai, idan haka ne ai gara a yi ƙuri'a a gaban kowa. Ba zan kai musu canki-canka in ce bincike ne ba."

Ta koma kujerarta a fusace. Ta ninka yawan lambobin da kowace kwamfuta ke riƙewa, ta kuma ɗaure su da doka: komai saurin saƙo, sai ya jira layinsa, na kwamfuta ta ɗaya, na ta biyu, har na ta ƙarshe. Lissafin ya koma tafiyar hawainiya, Dokta na ta leƙowa yana tsaki. Da amsa ta fito ta maimaita, ta sake maimaitawa, ta rage kwamfutocin, ta ƙara. Taswirar ba ta ƙara motsi ba, kuma Bulamari ce a cikin ruwa. Barira ta so ta yi kuka, don gonar shinkafar mahaifiyarta tana bayan jingar Tsamiya.

Ranar zaman kwamiti ta haska taswirar a bango. Kawu Yunusa ya miƙe tsaye, hularsa har ta karkace.

"Ke Barira! Ba wannan na gani da idona ba."

"Waccan kuskure ce, Kawu, kuma kuskurena ne. Na gyara."

"Na'urar da ta yi ƙarya jiya, yau wa ya rantsar da ita? In koma in ce wa mutane me? 'Yar da muka goya ta ɗauke mana mota ta ba wasu?"

"Ka ce musu ni ce. Su zage ni, na yarda. Amma ba zan bar ruwa ya kwana a ɗakunan mutanen Bulamari don kawai ba a can aka yanke mini cibiya ba."

Mota ta tafi Bulamari. Kawu ya daina amsa wayarta, matan gari suka ce boko ya cinye ta.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Barira a Tsamiyar Kwana, a bayan a-kori-kura cike da buhunan da babu komai a ciki. Ta yi sallama a gindin bishiyar da maza ke zaune, aka amsa a ciki-ciki. Ba ta jira ba. Ta ɗaure zani, ta hau jinga da shebur ta fara ɗibar ƙasa. Kawu ya taso a hankali ya tsaya a kanta.

"Ba ke kika ce ruwa ba zai zo mana ba? To wahalar me kike yi?"

Ta share gumi da gefen mayafi.

"Cewa na yi ba zai haura ba, Kawu. Tsakaninsa da bakin jingar nan faɗin yatsa biyu ne. A gaban kwamiti wannan ya isa hujja, amma uwata ba za ta kwana a bayan yatsa biyu ba." Ta miƙa masa buhu. "Riƙe mini bakinsa. Ka ci gaba da fushin, ba na hana ka."