Fensiri a Layi na Uku

A ajin lissafin da nake koyarwa a unguwar Parkchester, can ƙasar Turawa, akwai 'yan mata biyu da suka fi kowa ƙwaƙwalwa. Hamdatu, 'yar wani direban tasi daga Kumasi, ba ta da ƙawa ko ɗaya. Nok kuwa, wadda iyayenta suka zo daga Tailan bara, Turancinta bai nuna ba tukuna.

Da gasar lissafi ta ƙarato, na ce ɗalibai su zaɓi shugabar tawaga. Nok ta samu ƙuri'a goma sha tara. Hamdatu ta samu biyu, ɗaya ma tata ce.

Bayan an tashi ta tsaya gaban teburina ta yi mini Hausa, abin da ba ta yi sai ranta ya ɓaci.

"Malama, casa'in da takwas na ci a jarrabawa, ita casa'in da ɗaya. Ba ta iya komai ba sai murmushi, kamar mai tallan man goge baki! Ki cire sunana. Ba zan je a ƙarƙashinta ba."

"Sai Juma'a zan miƙa sunaye. Gobe ki zauna bayanta, ki kalli hannunta kawai."

Washegari ta zauna bayan Nok tana cika tana batsewa. Can sai Kofi, wanda ke zama kusa da Nok, ya yi kuskure a littafinsa. Da Hamdatu ce, da duk ajin ya ji. Nok kuwa sai ta ajiye fensirinta a kan layin da ya ɓata, ta juya tana kallon taga. Mahaifiyarta ta taɓa gaya mini cewa a gidansu ba a gyara wa mutum a gaban jama'a. Kofi ya duba, ya goge, ya gyara.

"Sayen ƙuri'a ne kawai," in ji Hamdatu.

Ranar Alhamis Hamdatu ce za ta hau allo ta nuna aikinta, ga shugaban makaranta zaune a baya. Tana shirin miƙewa Nok ta wuce ta gefenta. Sai ga fensiri kwance a layi na uku na littafin Hamdatu, inda ta sa tarawa a gurbin ɗebewa. Babu wanda ya lura sai ni. Hamdatu ta daɗe tana kallon fensirin kafin ta ɗauki magogi.

Da safiyar Juma'a Hamdatu ta zo wurina, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

"Ki bar sunan, Malama. Amma har yanzu na fi ta maki."

"Haka ne."

Hamdatu ta gane cewa ita kuskuren kawai take gani, Nok kuwa tana ganin kuskuren, tana kuma ganin wanda ya yi shi.