Lakar Ƙarƙashin Madgad

Da na san abin da ke manne a ƙarƙashin motar nan, da ban shigar da ita tsakar gida ba. Amma a ranar hankalina duka yana kan bel.

Yayana Tsoho ne ya gano shi. Tsohon direba ne, ya daɗe yana jigila tsakanin Gummi da Anka kafin idonsa ya yi rauni. Da ya zo ganin motar da na saya a hannun Makau, sai ya sa na buɗe bonet, ya cire murfin robar da ke gefen inji, ya bi bel ɗin ciki da babban yatsa.

"Dalhatu, wanga taimin bel ya mutu, jana'iza ɗai ba a yi mai ba," in ji shi. "Ji yadda yat tsattsage. Ran da yat tsinke, mota ba ta tari ba ta sallama. Tsayawa za ta yi inda take."

Wannan "inda take" shi ya hana ni sukuni. A hanyarmu daga Duza zuwa Anka akwai wuraren da ba direban da ke son tsayawa, ko da fitsari ya matse shi. Ni kuwa 'yan kasuwa nake ɗauka, wani lokaci har da iyalina. In zan kai ta wurin makanike, dole in bi wannan hanyar da wannan bel ɗin. Don haka na ba wani direba saƙo ya sayo mini sabo, muka shirya da Yaya Tsoho: shi zai zauna ya riƙa faɗa, ni in riƙa yi.

Gidanmu yana da doka, kuma matata Hajara ce ta kafa ta. Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a ƙauyukan nan, 'yarmu Surayya tana goye. Ta rayu, amma har yau magana na yi mata nauyi, karatu kuma bai zauna mata ba. Masu agaji sun zo sun kankare ƙasar tsakar gidanmu, suka kwashe, suka zuba sabuwa. Tun daga lokacin takalmi a zaure yake tsayawa, haka ma kayan aiki. Dutse ko buhun da ya taɓa zuwa wurin haƙar zinari ba ya ƙetare ƙofarmu. Da aka haifi autarmu Muhsina, bayan mun daɗe ba haihuwa, sai dokar ta ƙara tsanani. Yanzu ta fara tafiya, kuma duk abin da hannunta ya kama bakinta yake nufa.

A ƙofar gida babu inuwa, ga awaki, ga yaran unguwa da za su iya wucewa da noti ɗaya su tsayar da aikin gaba ɗaya. Sai na buɗe ƙofar baya, wadda amalanke ke shigo da kara ta cikinta, muka turo motar ƙarƙashin dogon yaro.

Hajara ta fito daga madafa da muciya a hannu. "Malam, takalmi na tsayawa zaure, mai taya huɗu kuwa ta shigo har gindin turmi?"

"Mota ce, Hajara, ba dutse ba. Kamin la'asar ta hita."

"Bar shi, amarya yay yi," in ji Yaya Tsoho. "Ko ba ki ga yadda yaka shahwa ta ba?"

Ta yi dariya ba da son ranta ba, ta kawo tsohuwar tabarma ta ce in shimfiɗa don kada baƙin mai ya ɓata mata ƙasa. Ni ma man nake tsoro. Na shimfiɗa ta daidai ƙarƙashin inji.

Na ɗaga motar da jak, na cire tayar gaba ta dama. A bayan tayar akwai murfin da sai an cire shi ake kaiwa ga fulin ƙasa, wato faifan da bel ɗin ke hawa, amma ban ga notinsa ba. Laka ce ta daminar bara ta bushe a cikin madgad, wato rumfar taya, ta yi kauri kamar yaɓen katanga. Na sa sifana na yi ta dukanta tana faɗowa ɓarɓashi da manyan ɓarayi, can gefen tabarma. Na hure kan notin da baki, na ture sauran da ƙafa don in sami wurin durƙusawa.

Daga nan ban ƙara ganin komai ba sai inji. Yaya Tsoho yana kan kujera 'yar tsugune, ya miƙo mini alli.

"Kamin ka taɓa komi, sa alama ga hulin sama, ka sa ga na ƙasa, ka sa ga jikin inji daidai da su. Haƙori guda ka kuskure, ka sai ma kanka jaki."

Na sa alamomin, na sassauta ƙaramin fulin da ke ɗame bel, na zare tsohon. Da na lanƙwasa shi sai tsagar ta buɗe baki, har zaren ciki ya fito. Na tuna da wannan bel ɗin na ɗauko Hajara da yara daga biki. Sabon ya ƙi shiga da farko. Na yi ta fama, gumi na shiga mini ido. Ƙishirwa ta kama ni, na ce wa Surayya, wadda ke zaune riƙe da ƙanwarta, ta kawo mana ruwa, ta kuma kai wa Innarta itace tunda ta tashi. Ina jin Muhsina a bayana tana 'yan surutanta. Har na ji daɗi da ba ta kuka.

Da bel ya hau, Yaya Tsoho ya hana ni taɓa makulli. Ya sa na juya injin da sifana a hankali har alamomin suka zagayo. Suka tsaya daidai inda na zana su. Na ɗaure komai, na mayar da taya, na yi bisimilla na murɗa makulli. Ta tashi lafiya lau, ƙararta sumul.

"To, ka zama makanike," in ji shi. "Saura ka koyi ƙarya."

Ina dariya na juyo, sai na ga Hajara tsaye. Ta ɗauke Muhsina a kafaɗa, a ɗaya hannun kuma tana riƙe da ɓarin laka, tana juya shi a rana.

"Malam, kashe ta." Na kashe. "Ina Makau ke kai wagga mota?"

Ba ta bukatar amsa, ni ma haka. Kowa ya san Makau buhunan dutsen zinari yake kai wa injinan niƙa da wurin wankinsa a bayan Tungar Daji. Saboda na sani ne ma ranar da na saye ta na kai ta rafi, na wanke but, na fitar da kujeru na kakkaɓe, na yar da shimfiɗun ƙafa. Ƙarƙashinta ne bai taɓa faɗo mini a rai ba, alhali a cikin taɓon wurin wankin take tsayawa ana loda mata kaya.

Na karɓi ɓarin. Gefensa ɗaya jiƙe yake da yawu, da sawun ƙananan haƙora. A inda ya karye akwai ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, launin toka. Bakin Muhsina kuwa duk laka, tana miƙo hannu a mayar mata da abinta.

"Ƙasarmu duk tana wanga ƙyalli," in ji Yaya Tsoho. "Ko yashin rahi ka ɗiba kana ganin shi." Amma muryarsa ta sauka, kuma da ya miƙe sai ya cire takalmansa ya riƙe a hannu.

Hajara ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa yatsa ta kwakule bakin yarinyar, ta wanke ta da sabulu tun daga kai har tafin ƙafa, ta shiga da ita ɗaki ta rufe. Surayya ta tsaya da kwanon ruwa tana kallona.

"Baba, ni... ni na aje ta."

"Ni na aike ki," na ce. "Shiga wurin Innarki."

Muka tura motar waje. Na yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, na ɗauki shebur na fara kankare ƙasar gindin dogon yaro, yadda na ga masu agaji sun yi a wancan lokacin. Ban san iyakar inda garin lakar ya kai ba, don haka na yi ta faɗaɗawa har bakin turmi. Yaya Tsoho yana riƙe bakin buhu. Muka kai buhunan bayan gari muka binne, da tabarmar, da rigar da na yi aikin da ita.

Da safe muka kama hanyar Anka, Hajara a baya da yarinyar a cinya, ɓarin lakar a ƙulle cikin leda a but. Motar ba ta yi ko gardama ba. Sai da muka shiga gari na lura mun wuce duk wuraren da nake tsoro ban ko dube su ba.

A asibiti aka ɗebi jinin Muhsina, ta yi kuka, ta yi shiru da aka ba ta nono. Wata ma'aikaciya ta saurare ni har na gama, ta karɓi ledar. Ta ce sai an aika da jinin, kuma ko ya fito da kyau mu dawo da ita a sake ɗiba, don abin ba ya nuna kansa a rana ɗaya.

Muhsina tana ci, tana wasa, jiya har ta bi kaza da gudu. Haka Surayya ma take a farkon nata ciwon. Ban san ko akwai dalma a lakar nan ba, ban kuma san nawa ta haɗiye ba.