Kyanwa a Ƙafar Messer Bindo

Shekara talatin ina zanen majami'u a birnin Prato na Italiya, ba wanda zai koya mini inda ake ajiye dabba. Kare gefen mai amana yake kwanciya. Kyanwa kuwa ƙarƙashin kujerar Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, take laɓewa. Ko mai tallan albasa ya san wannan.

Messer Bindo mai rini ya sa in zana Uwa Maryamu, shi da matarsa Monna Piccarda durƙushe a gabanta. Ana tsakiyar aiki matar ta zo shagona ita kaɗai.

"Maestro, kyanwa nake so a ƙafar maigidana."

"Kyanwa? Haba, ranki ya daɗe! So kike a kore ni daga garin nan?"

"An kori ƙanena Lotto," in ji ta. "Wani ne ya jefa takardar ƙarya a akwatin ƙara, ba suna. Shekara biyu ina cin abinci da maigidan nan nawa ban sani ba ko shi ne. Ina so in sani."

Wallahi ta ba ni tausayi, Bindo kuma dama bai taɓa kwanta mini ba. Na zana kyanwar baƙa ƙirin, wutsiyarta naɗe da dugadugansa, ba a ɓoye ba.

Ranar Lahadi aka yaye mayafin da ya rufe zanen a majami'a. Wata tsohuwa ta tsartar da yawu, maza suka shiga satar kallon Bindo. Da mai gaskiya ne, da ya yi dariya, ko ya zage ni a bainar jama'a, in shanye. Shi ko sai ya sunkuyar da kai ya fice.

Bayan la'asar sai ga shi a shago. Piccarda ta riga shi zuwa, tana zaune bayan allunan da na jingina su sha iska. Bai gan ta ba. Ya turo ƙofa ya rufe, ya matso har ina jin warin rini a jikinsa.

"Kai tsohon banza," ya ce. "Ba wanda ya gan ni a bakin akwatin nan. Wa ya gaya maka?"

Piccarda ta miƙe tsaye daga bayan allunan.