Firjin da Ake Yi wa Ban Ruwa

Shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, marigayi Zarami, Allah ya jiƙansa, ya shigo gida da firji a kan amalanke. A hannun George ya saye shi, wani ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin aiki daga Azare. Matarsa Halimatu ta daɗe tana roƙon firji, don ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo tana sayarwa idan an sha ruwa. Ta rangaɗa guɗa, ta wanke shi da sabulu, ta yafa masa ƙyalle a ka kamar amarya.

Firjin yana sanyi, ba laifi. Aibinsa ɗaya ne, yana ja. Duk wanda ya taɓa shi ba takalmi sai ya ji zirrr har cikin haƙora. Halimatu ta ji, ta haɗiye, ba ta gaya wa kowa ba.

Ana nan sai Ya Fanna, mahaifiyar Zarami da ke zaune tare da su, ta idar da alwala, ƙafa ba takalmi, hannu a jiƙe, ta kama murfin firjin. Ta daka wani tsalle da rabonta da irinsa tun tana budurwa a Katagum, ta dira a zaune cikin kwandon tumatir.

"Zarami! Akwai mutum a cikin akwatin nan!"

"Ya, inji ne kawai."

"Inji ne ya san ni har zai kama mini hannu? Ko ubanka bai taɓa fizgata haka ba!"

Tana zaune a cikin tumatirin ta yanke hukunci. Kafin a ga watan azumi, ko akwatin ya bar gidan, ko ita ta koma Katagum gidan ƙanenta. Halimatu ta san mijinta. Ba zai bar uwarsa ta fita saboda akwati ba. Firjinta ne zai fita.

Zarami ya gwada nasa dabarun. Ya ɗaure hannun firjin da tsumma. Ya ajiye silifas na roba a gabansa, ya ce kowa ya sa kafin ya taɓa. Ya Fanna ta ce, "Ni da gidan ɗana sai na sa takalmi kafin in gaishe da akwati?" Da Halimatu ta ga kwanaki suna tafiya, sai ta hana mijinta sakat har ya je bakin kasuwa ya kira Chibuzo, mai sayar da kayan wuta, wanda ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta Zarami fita.

Chibuzo ya fara kashe wutar gidan daga wurin mita, sannan ya zare fulogin firjin ya ɗaga sama. An karya masa ƙafa ta uku don ya shiga soket ɗin gidan mai rami biyu.

"Oga Zarami, ga aljaninku. Wuta tana yoyo a jikin firji, ba ta da hanyar fita, shi ya sa take bi ta jikin Mama. Za mu yi mata hanya ta shige ƙasa."

Ya sa sabon fulogi, ya sa soket mai rami uku. Daga rami na ukun ya ja waya ta bi bango ta fita bayan ɗaki, ta wajen lungu. A nan ya sa aka haƙa rami, ya kafa doguwar sandar tagulla, ya ɗaure mata wayar, ya zuba gawayi da gishiri, ya kwara ruwa, aka rufe.

"Ƙasar nan ta bushe," in ji shi. "A riƙa zuba ruwa lokaci-lokaci. In ba danshi, ba ta aiki sosai."

To Zarami manomi ne, yana da gona a Disina. Da ya ji an ce ban ruwa, sai hankalinsa ya kwanta, an zo fanninsa. Safe da yamma yana can da buta. Ya kafa wa sandar zana don kada rana ta dake ta. Sannan ya zauna ya yi nazari, ya ga gishirin miya bai isa ya riƙe firji mai girman wannan ba. Ya tafi kara, inda ake sayar da dabbobi, ya sayo kantun gishiri irin wanda ake ba shanu, ya farfasa. Kullum in ya yi ban ruwa sai ya barbaɗa a sama kamar taki. Maƙwabta in sun wuce su ce, "Malam Zarami, yaya shukar?" Shi kuma ya amsa da gaske, "Ta kama, alhamdu lillahi."

Firjin kuwa ya daina ja. Halimatu ta taɓa ba takalmi, ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu, har kumatu ta manna masa. Da ƙyar aka shawo kan Ya Fanna ta yarda za ta gwada ranar jajibirin azumi.

A kwanakin nan Halimatu ta lura awakin maƙwabcinsu Bappayo, Bafillatani abokin wasan Zarami, sun yawaita a lungun bayan ɗaki, amma tana fama da wankin kwalabe, ba ta bi ta kansu ba.

Ranar gwaji Ya Fanna ta zo da shirinta. Ta shimfiɗa tabarma a bayanta, ta ɗora matashi. Ta yi bisimilla, ta miƙa yatsa ɗaya. Zirrr! Ta faɗa daidai kan matashin. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya.

Halimatu ta ruga bayan ɗaki. Zana tana ƙasa. Awaki sun zagaye wurin, kawunansu a cikin rami. Sun lashe gishirin sama, sun tona suna neman na ƙasa, sun tsinke wayar daga jikin sandar. Wani bunsuru yana tsaye a gefe da wayar naɗe a ƙahonsa, yana tauna baki kamar wanda ya dawo daga walima.

Zarami ya iso yana ihu. "Bafillatani! Fito, awakinka sun cinye mini wuta!"

Bappayo ya leƙo ta kan katanga. "Babarbare, kai ka buɗe musu gidan abinci. Ashe shi ya sa suke ƙarar mini da ruwan randa kamar raƙuma, ina ta jiƙa musu magani. Wa yake zuba kantu a ƙasa ya ce akuya ta kau da kai? Da na sani da shanun ma na kawo."

Chibuzo ya dawo, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya sake ɗaure wayar, ya rufe wurin da siminti, ya bar ɗan bututu na zuba ruwa. "Oga, ruwa kawai. Ban da taki, don Allah."

Amma Ya Fanna ta ce babu taɓawa ta uku. Zarami ya je ya yi wa mai amalanke magana, ya ce ya zo gobe bayan an sha ruwa ya ɗauke firjin. Halimatu ta cika firjin da zoɓo duk da haka, tana zubawa tana share hawaye.

Aka ga wata. Azumin farko ya zo da rana irin wadda kaji ke buɗe baki a inuwa. Da aka kira magariba, Bappayo ya shigo shan ruwa, wai ya zo ba da haƙurin bunsuru. Halimatu ta miƙa masa zoɓo a kofin silba, ƙanƙara tana ƙwal-ƙwal a ciki. Ya Fanna tana gefe da moɗar ruwan randa mai ɗumi, tana kallon kofin ta wutsiyar ido.

Bappayo ya kurɓa, ya lumshe ido. "Barebari dai da tsoro. Bunsuruna ma ya ci wutar nan ya ƙoshi, ga shi can yana yawo."

Ya Fanna ta dire moɗa. "Ni Bafillatani zai gaya wa tsoro?"

Ta miƙe, ta shure takalmanta gefe, ba tabarma ba matashi, ta damƙi hannun firjin da hannu biyu. Shiru. Ta ja murfin ya buɗe, sanyi ya daki fuskarta. Ta daɗe a tsaye da kanta a ciki, har Halimatu ta fara tsoron ko ta sume ne.

Daga cikin firjin muryarta ta fito. "Zarami, sallami mai amalanken nan. 'Yar nan, ina kika ɓoye babbar kwalbar?"

Firjin ya zauna. Ya ga bayan Ya Fanna, ya ga bayan Zarami, sannan shi ma ya mutu, yanzu Halimatu tana ajiye kwanoni a ciki. Amma bututun yana nan a bayan ɗaki, kuma ba abin da ya taɓa tsirowa a wurin, gishirin ya yi yawa. Har yau in ta idar da alwalar asuba, sai ta zaga ta juye ragowar ruwan butar a ciki. Butar Zarami ce.