Cikin Roda na Shida

Ina tsakar gida ina tankaɗen garin dawa na ji muryar Zakka ta tsallako katanga. Shekara bakwai muna maƙwabtaka a unguwar Wunti ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a kan 'ya'yansa. Kafinta ne, mutumin ƙasar Bogoro, dattijo a majami'arsu. Abin da muka saba ji daga gidansa ƙarar zarto ce, sai waƙoƙin da matarsa Roda take yi in tana wanki.

"Yara uku ne a gabanki, Roda. Wa za ki bar wa su?"

Ban ji amsarta ba. Na dai ji ya jawo kekensa ya fita. Na ajiye rariya na taka turmi na leƙa, don katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce, ta nan muke miƙa wa juna gishiri da wuta. Roda na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ƙafafunta a kumbure, tana numfashi kamar wadda ta hau dutse. Ta ce in zagayo in maigidana Sabitu ba zai hana ba. Sabitu bai taɓa hana ni shiga gidan Roda ba.

A nan ta faɗa mini. Daga asibiti suka dawo. Tana da ciki wata uku, na shida ke nan a wurinta. Uku suna raye, biyu ta binne su tun suna goye. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce zuciyarta ta gaji tun haihuwar da ta wuce, da wuya ta iya ɗaukar wannan nauyin har ƙarshe. Ya ce akwai hanya: a cire cikin yanzu, ita ta rayu. Ya ba su mako biyu su yi shawara.

Na tambaye ta me ta ce. Ta ce ba ta ce wa likita komai ba, sai a hanya ta gaya wa Zakka ba za ta koma ba.

Gaskiya ni bayan Zakka na bi. Na ce mata Agnes shekararta tara, Irmiya bai shiga makaranta ba, ƙaraminsu bai daɗe da yaye ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Maimuna, biyun da na binne ba da hannuna aka ɗauke su ba, amma har yau ina ƙirga musu shekaru. Wannan in na sa hannu, ban san yadda zan yi da kaina ba." Na ce ko ba ta jin tsoro. Ta ce tana ji ƙwarai.

Zakka ya kawo Fasto Matta, yana sa ran zai tausa ta. Ita ta ba ni labarin daga baya. Faston tsoho ne, ya zauna ya saurare su. Da ya buɗe baki ya ce ran da ke cikinta na Ubangiji ne, nata ma na Ubangiji ne, kuma shi bai ga inda aka ba shi mudun auna wanda ya fi ba. Ya ce in ta bi maganar likita ba zai tsaya a gaban ikilisiya ya kira ta mai laifi ba, in ta ƙi kuma ba zai kira ta mai taurin kai ba. Ya yi musu addu'a ya tafi. Zakka ya raka shi ya dawo ransa a ɓace, ya ce ya nemo mai raba gardama an bar shi inda yake.

Mako biyun suka wuce ba ta koma ba.

Daga nan Zakka ya daina zancen, amma bai huce ba. Shi yake ɗebo ruwa kafin ya fara aiki, shi yake kai niƙa, har ya yi mata wata kujera mai jingina don ba ta iya kwanciya sai a zaune. Duk wannan yana yi ba hira. Roda ta ce mini wannan shirun ya fi kumburin ƙafa ciwo. Ta ce ranar aurensu sun yi alkawari a gaban jama'a za su zauna tare a lafiya da rashin lafiya, shi kuwa yana ganin ita ce ta fara tsinke alkawarin, ta zaɓi wanda ba su taɓa gani ba ta bar shi. Ta ce ba ta ga laifinsa ba.

Damina ta shigo. Matan zumunta na majami'arsu suka raba kwanaki, wannan ta zo ta yi daka, waccan ta yi wanki. Ni kuma na haihu a farkon damina, ɗa namiji, aka sa masa Ja'afaru. Roda ba ta iya zuwa suna ba, sai ta aiko Agnes da 'yar hula da ta saƙa tana zaune.

A watan Agusta aka kai ta asibiti a motar wani mai sayen gyaɗa. Ta haifi 'ya mace, ƙarama, lafiyayya. Da muka ji ta tashi, unguwa ta ɗauka an tsallake. Ni kaina na ce likita ya yi kuskure. Ta dawo gida bayan kwana goma sha biyu, ta sa wa yarinyar suna Maryamu. Sai dai nononta bai zo sosai ba, kumburin kuma maimakon ya sauka sai ya hau har ciki.

Wata rana da hantsi ta sa aka kira ni. Ta ce ta san a addininmu in mace ta shayar da ɗan wata ya zama ɗan'uwan 'ya'yanta, ko zan yarda Ja'afaru ya yi ƙanwa. Na ce sai na tambayi Sabitu. Sabitu ya ce me ake tambaya a nan, in je in ɗauko ta. Tun daga ranar Maryamu take wuni a wurina, Agnes ta miƙo ta ta kan katanga, in ta ƙoshi in mayar.

Ranar da aka sami 'yancin kai gari ya cika da kiɗa. Agnes ta tafi fili da 'yan makarantarsu, ta dawo da 'yar tuta kore da fari tana ba uwarta labarin maci. Roda ta yi murmushi ta ce ta maimaita mata yadda suka taka, yarinyar ta yi ta takawa a tsakar gida. Ina wurin da Maryamu a cinyata. Da yaran suka fita, Roda ta kira mijinta daga rumfar aikinsa. Na yunƙura zan tashi ta ce in zauna.

"Baban Agnes, ka yi fushinka da ni, na ɗauka. Amma kada ka bari wani ya ce wa yarinyar nan ita ta kashe uwarta. Kai ma kada ka faɗa mata da ido."

Zakka ya tsaya da ƙurar katako a hannuwansa. Ya ce, "Ban san yadda zan yi ba in ba kya nan." Ta ce ita ma ba ta sani ba, shi ya sa take roƙonsa gafara. Sai ya durƙusa a gefen kujerar ya kifa goshinsa a kan hannunta. Na ɗauki Maryamu na fita.

Ranar Litinin da hantsi ta rasu, a zaune a kujerarta, yana riƙe da ita. Zakka bai yarda kowa ya taɓa aikin akwatin ba. Muna jin zarto da guduma har bayan azahar, ba wanda ya iya cin abinci a gidanmu. Sabitu da mazan unguwa suka bi su har maƙabartar Kirista, suka tsaya daga gefe har aka gama. Mu mata muka zauna da matan zumunta, su suna waƙa a hankali, mu muna raba ruwa.

Bayan makoki 'yan'uwan Zakka suka ce a kai jaririyar ƙauye wurin gwaggonta. Ya ce a'a, uwarta ta riga ta zaɓa mata inda za ta sha nono. Sai dai ko sau ɗaya ban ga ya ɗauke ta ba. In Agnes ta shigo da ita sai ya sami abin yi a rumfa. Yana aiko mini da gero da man shanu, yana tambayar Sabitu lafiyarta, amma ba ya dubanta. Na so in yi magana, Sabitu ya ce in bar mutum da ciwonsa.

Haka har aka fara girbin dawa. Wata la'asar na shayar da ita na miƙa wa Agnes, na koma kan tukunyata. Can na tuna ban ba da zanen goyonta ba, na taka turmi zan miƙa. Agnes ba ta nan, ta shimfiɗe ta a tabarma a inuwar ɗaki ta tafi kiran ƙannenta. Zakka na tsugune a gefen tabarmar. Yarinyar ta yi barci da babban yatsansa a cikin hannunta, shi kuma ya kasa janyewa, yana kore mata ƙuda da ɗaya hannun. Na sauko a hankali da zanen a hannuna, na rage wutar murhu.