Waken da Ya Ƙi Nuna

Shafa'atu ta tura buhun waken ƙarƙashin kujerar bas da ƙafarta, yaron mota na mitar ya tare hanya. Ba ta kula shi ba. Tun da motar ta bar Gusau ta nufi Tsafe take jera maganganun da za ta faɗa wa yayanta Attahiru, mai sayar da hatsi a kasuwar can. Shi ke aiko mata da wake tun da ta fara sana'ar wake da shinkafa.

A Bungudu, inda ta yi shekaru, kowa ya san girkinta. Da aka yi wa mijinta Tajuddeen canjin wurin aiki zuwa Gusau, suka samu gida mai famfo a tsakar gida, ta yi murna har ta aika wa 'yan uwa su zo su gani. Daga nan abubuwa suka rikice. Sai ta ɗora wake tun safe, itace ya ƙare, ta latsa ƙwaya ta ji ta kamar tsakuwa. Ta yi ta ƙara kanwa har ya yi baƙi yana bauri. Ma'aikatan da ke saye a wurinta suka fara wuce ta suna sunkuyar da kai. Ta canza tukunya. Surukarta ta ce baki ne, ta kawo rubutu aka yayyafa a murhu. Tajuddeen ya ce wataƙila tsohon wake ne da aka zuba wa magani, kuma wannan maganar ce ta zauna mata.

Ta tarar da Attahiru yana auna wa wani dattijo gero. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ta sa aka dire buhun a gabansa.

"Yaya, ko wani za ka ba tsohon wake, ai ba ni ba."

Maƙwabtan rumfarsa suka juyo suna kallo. Dattijon ya ɗaure bakin buhunsa ya ce zai dawo. Attahiru ya ɗebi waken ya duba, ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori, ya ce na bana ne, a gabansa aka sussuke shi. Sai ya ce ta wuce gida, yana tafe.

A gida matarsa Hanatu ta saurari labarin, ta ɗebi wake daga buhun, ta wanke da ruwan rijiya, ta jefa 'yar kanwa kaɗan. Shafa'atu ta zauna a gefen murhu tana tsaron tukunyar. Kafin la'asar waken ya yi luguf. Ta ce ba ta yarda ba, hannun Hanatu ne. Ta ɗora wata tukunyar da kanta. Ita ma ta nuna.

Ta rasa abin da za ta kama. Idan ba waken ba ne, ba kuma hannunta ba, to baki aka yi wa gidan ke nan, kamar yadda surukarta ta faɗa? Ta tashi wanke hannu, ta goga sabulu sau ɗaya, kumfa ya cika mata tafi. Ta tsaya tana kallonsa. Rabonta da ganin kumfa haka tun Bungudu. A Gusau sabulu narkewa yake yi ba ya kumfa, fararen kayan Tajuddeen su bushe da tauri, wani farin ɓawo ya kama gindin butar shayi, yara su yi ta susa bayan wanka. Kowanne ta samo masa dalili: sabulun zamani, butar banza, ƙurajen zafi.

Ta tambayi Hanatu ko ruwa yana iya hana wake nuna. Hanatu ta ce ita ba ta taɓa ji ba, balle ruwan famfo da yake fitowa garau, ba kamar nasu da sai ya kwanta ba.

Da Attahiru ya dawo, Shafa'atu ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma maganar ta riga ta zaga layin 'yan hatsi, dattijon nan kuma bai dawo ba. Ta ce ranar kasuwa za ta zo ta tsaya a wurin ta wanke shi.

"Ki ce masu mi?" ya tambaye ta. "Ruwan famfon birni ya ɓata maki wake? Wa zai yarda?"

Ita ma ba ta gama yarda ba. Ya shiga ɗaki ya fito da babbar jarka, ya cika ta a rijiya da kansa, ya ce ta je ta gwada a murhunta, in ya so a san abin faɗi.

A motar komawa ta rungume jarkar a cinya, ruwan na ɗiga daga murfin yana jiƙa mata zane. Matar da ke kusa da ita ta tambayi inda za ta kai shi. Ta ce Gusau.

"Ayya, an ɗauke maku ruwan famfo ke nan?"

"A'a," in ji Shafa'atu, "kullum yana zuwa."

Matar ta dube ta, ta dubi jarkar, sannan ta ɗan matsa gefe ta mai da fuskarta ga taga.